Baba ya tsufa, makullin shago kuma yana aljihunsa: yaya kuka yi a gidajenku?

Ummu Hanan, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na biyu a Jami'ar Jihar Kaduna, bincikena kuma a kan kasuwancin gida ne, yadda yake ɗorewa ko ya mutu bayan mai shi. A karatun na ci karo da binciken John Ward na 1987, wanda ya bi diddigin kamfanoni 200 a jihar Ilinois ta Amurka, ya tarar kusan kashi 13 cikin ɗari ne kawai suka kai hannun jikoki. Amma ba karatu ya kawo ni nan ba, gidanmu ne. Babanmu yana da shekara 74, yana sayar da atamfa da shadda a Kasuwar Gumi tun kafin a haife ni. Ido ya yi rauni, ga ciwon suga. Watan jiya ya ba mutum ɗaya kaya bashi sau biyu, bai rubuta ko ɗaya ba. Da Yaya ya ce ya huta a gida, sai ya ce, "Ina raye za ku ci gadona?" Tun ranar ba wanda ya sake tayar da maganar. Wanda ya taɓa shiga wannan hali, don Allah ya gaya mana abin da ya gani.

Ɗan Panteka:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, kada ku yi abin da muka yi. Mahaifinmu maƙerin ƙofofi da murhun gawayi ne a Panteka. Ya faɗi a wurin aiki sau ɗaya, muka taru muka hana shi fita, muna ganin gata muka yi masa. Kullum da safe sai ya yi wanka, ya sa hula, ya zauna a tabarma a ƙofar gida yana kallon masu tafiya kasuwa. Abinci ya koma loma biyu uku. Cikin wata huɗu wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mahaifiyarmu ce ta ce mu mayar da shi. Muka sa masa kujera mai jingina a bakin rumfa, ba ya taɓa guduma, amma shi ke karɓar baƙi, shi ke yanke farashi, yara kuma sai sun nuna masa walda kafin a shafa fenti. Ya ƙara shekara uku a kan kujerar nan. Har yau watanni huɗun nan suna ci mini rai.

Sista Maman Ihsan, Malali:
Allah ya jiƙan Babanku, Ɗan Panteka. Ni nas ce, shekarata 19 a aiki, yanzu ni ke shugabantar ɗakin kwanciyar maza a wani asibiti a nan gari. Ummu Hanan, kafin ku yanke cewa tsufa ne ya kawo mantuwar, ku kai shi a duba. Sugan da ya faɗi ƙasa yana rikita mutum, musamman tsohon da ya sha magani ya fita kasuwa bai karya ba. Ciwon mafitsara ma yana ruɗa tsofaffi ba tare da zazzaɓi ya bayyana ba. Idon kuma, idan yana ce, aiki ake yi a cire, mutum ya koma gani. Ga Cibiyar Ido ta Ƙasa nan a hanyar Mando. Amma suga da kansa yana ɓata bayan ido, shi ya sa mai shi ke buƙatar gwajin ido ko da sau ɗaya a shekara. Wataƙila Baba bai rubuta bashin ba ne don ba ya ganin layin littafin, kuma yana jin nauyin faɗa muku.

Abin da Ɗan Panteka ya faɗa ina ganinsa a kan gado. Dattijon da ya farfaɗo daga shanyewar ɓarin jiki, farkon abin da ya nema da bakinsa ya buɗe shi ne waya, ya ji ko an sauke kaya. Shi ya sa na kafa wa ƙananan ma'aikatana doka: ba a kiran majinyaci da lambar gado, kuma duk wadda ta karɓi tsoho ta tambayi sana'arsa ta rubuta. Idan za a tashe shi motsa jiki, da maganar shagonsa ake lallashinsa, kuma yana tashi. Mu kaɗan ne, da dare wani lokaci mutum biyu ne a ɗaki guda, abokan aiki da dama sun tafi Ingila da Saudiyya. Don haka masu jinya na gida su raba kwana, kada a bar wa 'ya mace ɗaya har ita ma ta kwanta.

Abu Sadiq, Kawo:
Namu ya rasu makulli na hannunsa. Shagon kayan gini, mata biyu, 'ya'ya 11. Duk lissafi a kansa yake. Bayan sadakar uku masu bin sa bashi suka zo da takardu, waɗanda yake bi kuwa ko mutum biyar ba su zo ba. Aka fitar da tumunin iyayenmu mata, aka raba saura namiji rabon mata biyu kamar yadda shari'a ta ce, kowa yana son nasa a hannu, dole aka sayar da shagon. Daga baya wani malami ya ce mana da mun yarda, kowa ya san rabonsa a bar shi a matsayin hannun jari, ba laifi. Mun ji a makare. Ku yi wa kasuwancin rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, tun Baba yana da ƙarfinsa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya ma damar yin rajistar ƙaramin kamfani. Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955, amma da yake ya sa 'ya'yansa a harkar tun yana raye, gidan bai watse ba.

Hajiya Ta Rigasa:
Ku riƙa tunawa da mata. Shekara takwas ni ke rubuta wa babanmu lissafin shagon hatsi, da aka zo miƙa ragama ko shawarata ba a nema ba.

Baban Kakuri:
'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Shekarata 69. Masaƙa na yi wa aiki har aka rufe ta, na fito da 'yan kuɗi kaɗan na fara sayar da masara da gero. Na san zafin wayewar gari ba inda za ka. Abin da muke tsoro ba mutuwa ba ce, ranar da za ka miƙa wa ɗan cikinka hannu kana neman kuɗin goro ko na zumunci. Ni da kaina na ba babban ɗana littafi da wayar da ake turo kuɗi, bisa sharaɗi biyu. Kowace Juma'a akwai abin da ake ajiye mini ba sai na tambaya ba, kuma ba a sayen hatsin ajiya da kaka sai da ni, don ni na san dillalan da ke cika buhu da ƙaiƙayi. Ummu Hanan, kada yayanki ya tunkare shi a gaban yaran shago. Ku nemi amininsa na kasuwa ya yi masa maganar bayan la'asar, su biyu.

Ummu Hanan, Unguwar Rimi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba na Kakuri, mun bi shawararka, amininsa mai sayar da huluna ne ya yi maganar. Sista, an duba, yana ce a idon dama, an ba mu ranar aiki, an kuma gyara masa lokacin shan maganin suga. Hajiya, ni aka ba littafin bashi, Yaya yana kula da saro kaya. Maganar rajista Baba ya ce a bari sai an buɗe masa ido, yana so ya karanta takardar da kansa kafin ya sa hannu. Makullin yana nan a aljihunsa. Yau da safe Yaya ya kai shi a mota, ya tsaya a bayansa riƙe da ledar magani har Baba ya lalubo kwaɗon ya buɗe.