Ina zaune a gidan Indiyawa a Delhi, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗaliba ce a Delhi, na kama ɗaki a gidan wasu mabiya addinin Hindu, abinci ma tare muke ci. Gidan gandu ne: kaka, 'ya'yanta maza biyu da matansu da jikoki, duk tukunya ɗaya. Kullum da safe jikokin sai sun sunkuya sun taɓa ƙafar kakar, ita kuma ta dafa musu kai. Ni da baki kawai nake gaishe ta, sai in ga kamar tana bi na da kallo. Ga shi kuma Umma ta aiko min da kilishi, alhali ko ƙwai ba ya shiga kicin ɗinsu. Ya zan yi?

Wata yaya a Hyderabad: Wa alaikis salam ƙanwata. Batun ƙafa kada ya dame ki, sun saba da maƙwabta Musulmi da ba sa yi. Ki kira ta Dadi, wato kaka a yarensu, ki bar takalmi a bakin ƙofa, in ta miƙo miki shayi ki karɓa da hannun dama. Ki ɗan zauna kusa da ita ko ba kya jin yarenta, tsofaffin nan zaman suke so. Amma kilishin nan, don Allah kada ya kwana a gidan! Naman saniya ne fa, dabbar da suke tsarkakewa, har jihohi da yawa sun hana yanka ta. Ki kai wa ƙawayenki a hostel ku cinye a can.

Wani ɗan uwa: Ni dai shawarata ki koma Jamia Nagar, unguwar Musulmi ce, ga masallatai ga nama halal. Zaman ɗari-ɗari ba ya ƙarewa da daɗi.

Wata uwa da ta yi jinya a can: Haba, daga kallo sai tashi? 'Yata, a irin gidan nan kakar ce ke riƙe da ragama, surukan ma sai sun ji ta bakinta kafin su ɗora girki. In kin samu fada a wajenta, kin gama. Ki dai kiyaye, cokalin da ya taɓa bakinki kada ya koma cikin kwanon kowa, suna ƙyamar hakan ƙwarai.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Kilishin gobe zai bar gidan. Maganar tashi kuma sai na ji ta bakin Abba tukuna.