Ƙanena ya fito daga gidan yari, jama'ar masallaci suna gudunsa

Assalamu alaikum. Ƙanena ya fito daga gidan yari bayan shekara 4, kuma a can ya riƙe salla har ya haddace izu 10. Amma idan ya shiga sahu sai na kusa da shi ya matsa, wasu ma su ɗauke takalmansu. Na yi wa liman magana, ya ce a ba mutane lokaci, ga shi yaron ya koma salla a ɗaki shi kaɗai, abin da ya fi tayar mini da hankali. Malamai, ta yaya zan shawo kan jama'a? Kuma tunda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambaci matalauta da masu bashi, ya halatta a ba shi jari daga zakka?