Saura wata goma zangon PMP ɗina ya cika, makin PDU 17 kawai na tara

Sabon Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa sabunta takardar shaidarsu ta PMP, wato ta ƙwarewa a gudanar da ayyuka, domin a makon jiya na shiga shafina na PMI, cibiyar da ke ba da takardar, kuma abin da na tarar bai yi mini daɗi ba. Shekara biyu da wata biyu ke nan da na ci jarrabawar, wato saura wata goma zangona na shekara uku ya cika, amma makin PDU, wato makin ci gaba da ƙara sani a sana'ar, 17 kawai aka rubuta mini daga cikin 60 da ake buƙata kafin a sabunta takardar. Goma sha huɗu na same su ne a wani kwas na kwana biyu kan tsara jadawalin aiki, wanda wurin aikinmu ya tura mu, sauran ukun kuma daga laccocin da na saurara ta intanet, su ma duk a kan jadawali da ƙiyasin kuɗi.

Sakacin nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Tun farko na ɗauka cewa tunda gudanar da ayyuka ita ce sana'ata daga safe har yamma, aikin da kansa zai cike mini yawancin makin, sai yanzu wani abokin aiki yake gaya mini cewa ba haka abin yake ba. Ina so in san maki nawa aikin yau da kullum yake bayarwa, da kuma ko awa 35 na horon da na yi kafin a ba ni damar zama jarrabawa za su shiga lissafi. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne makomar takardar idan wa'adin ya cika ban kammala ba, domin ba na fatan sake irin zaman da na yi gaban tambayoyi 180 na tsawon minti 230.

Mai Jadawali ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, wata goma ya ishe ka har da saura, amma abokin aikinka ya faɗa maka gaskiya. Aikin da mutum yake yi a matsayin mai gudanar da ayyuka ba ya wuce maki 8 a duk zangon, ko da kuwa awa dubu nawa ya shafe yana yi. Awa 35 na horon kafin jarrabawa kuma ba su shiga, saboda zangon yana farawa ne daga ranar da ka ci jarrabawar, duk abin da ya gabaci wannan rana an riga an ci moriyarsa.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne yadda aka kasa makin, domin 60 ɗin ba tuli ɗaya ba ne. An raba shi gida biyu. Gida na farko shi ne na neman ilimi, kuma dole ka samu aƙalla 35 a cikinsa, ba shi da iyaka ta sama, har ma kana iya cike duka 60 da shi. Gida na biyu shi ne na hidima ga sana'ar, kamar gabatar da lacca, ko rubuta maƙala, ko horar da na ƙasa da kai, ko aikin sa-kai, kuma a nan ne waɗancan maki 8 na aikin yau da kullum suke. Wannan gidan ba a karɓar fiye da 25 daga gare shi, kuma ba wajibi ba ne. Shi kuma gidan neman ilimin yana da ɓangarori uku waɗanda PMI ta sauya wa suna a 2022: dabarun gudanar da aikin kansa, da ƙwarewar mu'amala da jagorancin mutane, da fahimtar harkar kasuwanci da manufofin ma'aikata. Kowane ɓangare yana buƙatar aƙalla maki 8, wato 24 ke nan, ragowar 11 kuma ka zuba su inda ka ga dama.

To ga lissafinka. Duka makinka 17 suna ɓangaren dabarun aiki ne, ba ka da ko ɗaya a sauran biyun, saboda haka ko da ka ƙara kwas goma kan jadawali ba za a sabunta maka ba sai ka samo 8 a jagoranci da 8 a fahimtar kasuwanci. Idan ka rubuta makin aikinka guda 8 yau, kana da 25, saura 35. Maki ɗaya awa ɗaya ne na koyo, kuma ana karɓar har rubu'in awa a matsayin 0.25, don haka abin da ke gabanka awa uku da rabi ne a kowane wata. Idan kai mamba ne na PMI, laccocin da ke shafin ProjectManagement.com kyauta ne gare ka, kowace lacca an nuna ɓangaren da ta faɗa, kuma makin yana shiga shafinka da kansa bayan ka kalla. Karatun littafin da ya shafi fannin shi ma ana ƙirga shi, awa ɗaya maki ɗaya. Ni da waɗannan laccocin na cike zangona na baya cikin ƙarshen mako huɗu.

Uwar Ɗakin Kasafi ta rubuta:

Duk abin da Malam Mai Jadawali ya faɗa a kan ƙa'ida daidai ne, sai dai jimlarsa ta ƙarshe ce ban yarda a ɗauke ta a matsayin shawara ba, kuma zan faɗi dalili bayan na amsa tambayar da aka bari, tunda ni na ɗanɗana ta.

Idan wa'adi ya cika ba ka kammala ba, takardar ba ta mutuwa nan take, ana dakatar da ita ne na tsawon shekara ɗaya. A wannan lokacin ba ka da izinin kiran kanka mai PMP, ko rubuta haruffan bayan sunanka, har sai ka cike makin ka biya kuɗin sabuntawa. Idan shekarar dakatarwar ita ma ta wuce, to takardar ta faɗi, sai sabuwar takardar neman izini da sabuwar jarrabawa da cikakken kuɗinta. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: dakatarwar ba ta matsar da ranar zango na gaba. Ni na yi wata bakwai a dakace, kuma da aka dawo da ni sai na tarar waɗannan watanni bakwai an riga an cinye su daga sabon zangon, wato shekara biyu da wata biyar suka rage mini in sake tara wani 60. A cikin watannin nan ne kuma kamfaninmu ya nemi wata kwangila wadda sharaɗinta shi ne shugaban aikin ya kasance da takarda mai rai, masu ba da kwangilar suka duba rajistar PMI da ke intanet, aka cire sunana aka sa na wani. Ba wanda ya zalunce ni, ni na yi wa kaina.

Abin da na yi don in fita daga dakatarwar shi ne ainihin abin da nake hana ka. Na kunna laccoci ɗaya bayan ɗaya ina wasu hidimomin, makin ya cika, kuma yau da za a tsare ni a ce in faɗi abu uku da na koya a cikinsu, da na ji kunya. A zangon da ya biyo baya sai na sauya hanya. Na zauna na duba ayyuka biyu da suka ba ni wahala, na ga cewa ba jadawali ne ya kayar da ni ba, domin shi na iya shi tun kafin jarrabawa. A ɗaya na kasa fahimtar dalilin da ya sa sashen kuɗi yake jinkirta sakin kasafi, a ɗayan kuma na kasa shawo kan wani babba cikin masu ruwa da tsaki wanda yake sauya buƙatunsa duk wata. Sai na nemi kwas kan karanta bayanan kuɗi na kamfani, da wani kan sasantawa da warware saɓani, su biyun suka ba ni makin ɓangarorin nan biyu har suka zarce 8 ɗin.

Ɗan'uwa, ka lura da abin da makinka 17 suke gaya maka. Cikin wata ashirin da shida duk abin da ka koya yana wurin da ka riga ka fi ƙarfi, kuma haka yawancinmu muke, mutum ya fi son karatun da ba zai tona masa asiri ba. Sharaɗin takwas-takwas ɗin nan, a ganina, shi ne abu mafi amfani a duk tsarin, domin shi kaɗai yake tilasta wa mutum ya leƙa inda yake da rauni. Tunda kana da wata goma, ba ka cikin matsin da zai sa ka yi abin da na yi.

Mai Jadawali ya rubuta:

Hajiya, na karɓi gyara, amma da sauran magana. Ba kowa ne ma'aikatarsa take biya masa kuɗin kwas ba, kuma cikin laccocin kyautan akwai masu nauyi ƙwarai idan mutum ya zaɓa da kyau, ya zauna da biro da takarda. Laifin na mai kunnawa ya tashi ne, ba na laccar ba. Abin da zan janye shi ne batun ƙarshen mako huɗu, wannan kam ba abin koyi ba ne.

Ɗan Rajista ya rubuta:

Ni ta ɓangaren ajiye shaida zan shigo. PMI tana zaɓar wasu daga cikin masu sabuntawa ta binciki makin da suka rubuta, kuma ƙa'idarta ita ce mutum ya adana shaidarsa aƙalla wata 18 bayan zangon ya ƙare. Makin da ya shiga da kansa daga shafinsu ba shi da matsala, amma wanda ka rubuta da hannunka, kamar karatun littafi ko horar da wani ko kwas na cikin gida a wurin aiki, shi ne ake iya tambayarka a kai. Ka buɗe jaka ɗaya a kwamfutarka, ka riƙa zuba takardar halartar kwas, da ajandar taro, da ɗan taƙaitaccen rubutu na abin da ka karanta tare da kwanan wata da awannin da ka ɗauka. Ka kuma riƙa rubuta makin a makon da ka same shi, domin bayan shekara ba za ka tuna ko taron awa biyu ne ko uku ba, kuma ƙiyasi a irin wannan wurin yana iya zama ƙarya ba tare da ka yi niyya ba, alhali ka sa hannu a kan ƙa'idojin ɗa'a na cibiyar.

Ka sake bincika watanni ashirin da shidan da suka wuce kafin ka fara neman sabo. Idan ka taɓa gabatar da bayani ga abokan aiki kan darussan da aka koya daga wani aiki da ya ƙare, ko ka zauna da sabon ma'aikaci kana koya masa yadda ake rubuta rajistar haɗurra, ko an yi muku horo kan shugabanci a ofis, duk waɗannan suna iya zama maki matuƙar sun faru a cikin zangon kuma kana da abin nunawa. Horon da ba daga PMI ya fito ba shi ma ana karɓa, in dai ya shafi ɗaya daga ɓangarorin ukun.

Ina riƙe da PRINCE2 ma, wata takardar shaidar gudanar da ayyuka wadda asalinta daga gwamnatin Birtaniya ne, yanzu kuma tana hannun kamfanin shirya jarrabawa na PeopleCert. Ita ma shekara uku take yi, amma a can maki 20 ake rubutawa kowace shekara, ko kuma mutum ya sake jarrabawa. Wannan tsarin na shekara-shekara ya hana ni tara aiki zuwa ƙarshe, sai na ɗora PMP ɗina a kan ma'auni guda, ashirin duk shekara, kuma kwas ɗaya yakan yi mini amfani a wurare biyun.

Sabon Hannu ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Ɗan Rajista na duba baya, na samo horon awa huɗu kan jagorantar tawaga da aka yi mana bara, takardar halartarsa tana nan, da kuma awa uku da na yi ina gabatar wa sababbin ma'aikata tsarin bibiyar aiki. Da makin aiki guda 8, yanzu ina da 32. Maganar Hajiya ta taɓa ni, domin ni ma duk rigimar da nake yi a wurin aiki da sashen kuɗi ce, don haka zan fara da ɓangaren kasuwanci. Kwas ɗin da na samo awa 40 ne, zai kai ni 72, sannan ga awa huɗu da suka rage mini a jagoranci. Shin abin da ya haura 60 asara ne? Kuma nawa ake biya wajen sabuntawa?

Uwar Ɗakin Kasafi ta rubuta:

Ba asara ba ne. Makin da ya haura 60 ana tsallakar da shi zuwa zango na gaba har zuwa 20, da sharaɗin an same shi a cikin wata goma sha biyu na ƙarshen zangon, kai kuma yanzu a cikinsu kake. Idan ka gama kwas ɗin ka ƙara awa huɗun jagoranci za ka kai 76, ka ga 16 za su bi ka zuwa sabon zango. Ka dai duba yadda masu kwas ɗin suka rarraba awanninsa tsakanin ɓangarorin uku kafin ka rubuta, don kada ka zuba duka 40 a wuri ɗaya alhali wasu darussan na wani ɓangaren ne.

Lokacin da na sabunta tawa, mamba yana biyan dalar Amurka 60, wanda ba mamba ba kuma 150, amma ka tabbatar a shafinka kafin ka biya. Cika makin kaɗai ba ya sabunta takardar, sai ka cike fom ɗin sabuntawa ka biya kuɗin, kuma kana iya yin haka da zarar 60 ɗin sun cika ba sai ka jira ranar ƙarshe ba, domin sabon zangon ba zai fara ƙirgawa ba sai wannan ya ƙare.