Wace kalma za mu ba ikat da Hausa?

Jama'a, ina neman taimako. Ina rubutu kan masaƙan yammacin jihar Odisha ta Indiya, yankin Sambalpur da Bargarh da Balangir, sai na cije a kan kalma ɗaya: ikat, wato saƙar da ake yi wa zarenta ado da rini tun kafin a saƙa.

Can saƙa gado ce, kuma kowane dangi da abin da aka san shi da shi. Bhulia su ne gwanayen ɗaurin zare, Kostha siliki suka fi taɓawa, su kuwa Kuli (ba ruwansu da ƙuli-ƙulinmu, kar wani ya fara) an fi saninsu da tufar auduga mai kauri, ta talaka. Da yawansu sunan Meher suke ɗauka. Aikin na gida ne gaba ɗaya, mata na shirya zare, maigida na zaune bakin rami yana jifa da ƙoshiya.

Ikat kalmar Malay ce, ma'anarta ɗauri. Mutanen Odisha da kansu bandha suke cewa, ita ma ɗauri. Ana ƙulle zaren wuri-wuri, a tsoma a rini, a kwance ƙullin, sannan a saƙa. Wato adon yana jikin zare tun bai hau masaƙa ba. Da haka suke fitar da kifi da fure da da'ira mai kama da ƙafar keke, gefen adon ya ɗan yi dishi-dishi.

Wani ya ce in rubuta adire kawai. A'a Malam. Adire da rinin ɗauri irin na Ƙofar Mata, ƙyalle ake ɗaurewa bayan an gama saƙa shi.

Wani dattijo ya kawo "rinin wadari". Wallahi Baba ta yi daɗi a baki, har na kusa ɗauka. Sai dai wadari zaren tsaye ya shafa, masaƙan Odisha kuwa har na kwance suna ɗaurewa, wani lokaci duka biyun.

"Ɗaurin zare" kuma, in ka faɗa a kasuwar Kurmi, ƙunshin zare za a miƙo maka.

Ni dai na tsaya kan "saƙar ɗauri". Tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da rinin ɗauri da muka saba, kuma da ka ji "saƙa" ka san a masaƙa adon ya fito. Wata Hajiya ta tambaye ni sunan zanen da aka yi da irin wannan saƙa: zanen saƙar ɗauri. Masaƙa da marina, in akwai tsohuwar kalma a wurinku, ku kawo ta kafin in miƙa rubutun ranar Litinin.