Ciwon ƙashin ƙarshen baya bayan haihuwa: tausa na taimakawa?

Maman Khalifa, Gwammaja: Salamu alaikum. Mai jego ce, sati uku da haihuwa, zama ya gagare ta, tashi kuwa sai da dafa bango. Ungozoma ta ce a danna ƙashin ya koma. A bari?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Kada a danna, Maman Khalifa. Kan jariri ne ke tura ɗan ƙashin nan baya lokacin fita, wani lokacin ya goce ko ya tsage, dannawa ƙara fama shi take. Naman gefensa ake tausawa. Ta kwanta ta gefe, matashi tsakanin gwiwoyi. A sa tudun hannu kan naman ɗuwawu, dab da faffaɗan ƙashin ƙugu, a danna a hankali a riƙe kamar daƙiƙa 60 har ya saki, sannan a matsa gaba. Gashi da tawul mai ɗumi minti 15 ya isa, ba ruwan jego mai salɓe fata ba.

Malam Auwal, mai gashin ƙashi: Haka ne, Anti. Akwai kuma gyara ta ciki: ƙwararre ya sa safar hannu, yatsa ɗaya ta dubura, ya sassauta naman da ke jan ƙashin. Sai bayan arba'in, ɗinki ya warke, kuma da yardarta. Ana iya neman ƙwararriya mace a sashen gashin ƙashi na asibitin Dala ko na Malam Aminu Kano. In gabanta ya yi dundurus, wato ba ta jin taɓawa, ko fitsari na zubowa ba ta sani ba, asibiti yau ɗin nan.

Hajiya Ladi: Ta daina zama kan kujerar tsuguno. Shayarwa a kwance, kuma ta sha ruwa da zogale, yunƙurin bayan gida na tayar da ciwon.