Kafin Ka Nemi Gabatar da Jawabi a Taron Masu Gina Shafukan Intanet

Ranar Asabar bayan La'asar muka zauna a wani shago a Zoo Road, muka tattauna yadda ake neman gurbin jawabi ko bita a taron masu gina shafuka na Kano.

Abin da aka fi nanatawa shi ne a ɗauki matsala ɗaya tak. "Komai game da WordPress" (wata manhajar gina shafukan intanet) ya yi faɗi. Amma ka ce za ka nuna yadda ka gina wa ɗan kasuwar Kantin Kwari shafin atamfofi mai buɗewa a ƙaramar waya ko da sabis ya yi rauni, kowa zai gyara zama.

Kan bita aka fi daɗewa. Ka rubuta wa mahalarta abin da za su zo da shi, ka sauke fayilolinka a filashi tun daga gida, don kada wuta ko data su ba ka kunya.

Wata 'yar'uwa ta kawo batun ɓ, ɗ da ƙ da ke rikiɗewa su zama akwatuna idan salon haruffan shafi bai ɗauke su ba. Wallahi wannan ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, kuma na roƙe ta ta gabatar da shi da Hausa.