Abin da na tsinta a hirar masu gyaran AC na saman rufi

Magana ta farko da kowa ya nanata, kashe wuta daga suwic ɗin da ke kusa da injin, ka gwada da mita ka tabbatar babu, sannan ka sauke cajin kafasito kafin ka sa hannu, don yana riƙe wuta ko an kashe.

Da yawa sun ce in AC ya ƙi aiki kar a yi saurin yanke wa kwampreso, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, hukunci. Fara auna layukan wuta uku da ke shiga AC ɗin, in bambancin boltejinsu ya wuce kashi 2 cikin 100 motar kwampreson za ta riƙa zafi, in layi ɗaya ya ɗauke kuma sai ka ji tana gurnani ba ta juyawa. Daga nan ka duba ƙaramin taransifoma mai ba da bolt 24 da fiyus ɗinsa. Kwantakta kuwa, wato suwic ɗin da ke kai wa kwampreso wuta, buɗe shi ka gani da idonka, wani lokaci bakinsa ne ya ƙone ya yi baƙi, wani lokaci tururuwa ko ƙadangare ne ya maƙale a ciki.

Wadda ta fi burge ni, in an taɓa wayarin janareto sai kwampreso irin scroll, wato mai ƙarafa biyu naɗaɗɗu a ciki, ya kama ƙara babu sanyi, to baya yake juyawa, musanya waya biyu cikin ukun ya daidaita.